Safa Mai Ruwan Ɗorawa

Tsuneo Hagiwara ya iso ƙofar makarantar firamare da sassafe, idanu jajir, jakar kyamara a kafaɗa. Ya tarar iyaye maza sun ja layi har bakin titi, kowa da ledar shimfiɗa a hammata. Ranar wasannin makaranta ce, wanda ya makara kuwa ƙeyar mutane zai wuni yana kallo.

"Kai! Wa nake gani haka?" in ji maƙwabcinsa Ogata mai shagon shinkafa. "Ashe kana raye? Mun ɗauka kamfani ya haɗiye ka, har muna shirin zuwa yi wa matarka Michiyo ta'aziyya."

"Ai ya haɗiye ni. Yau ya tofo ni, gobe ya sake haɗiyewa."

Tun 'yarsa Chinatsu tana aji ɗaya bai taɓa leƙo wasan nan ba. Bana tana aji shida, daga wannan babu wani. Shekarun duk sun ƙare a kan wani abu da bai fi murfin kwalba ba: gilashi biyu da aka haɗa da roba mai naɗewa kamar zugazugi, aka cika tsakaninsu da wani mai garai-garai. A bakin kyamara ake sa shi: in hannun mai ɗauka ya yi rawa, sai gilashin ya karkata ya lanƙwasa hasken, hoto ya tsaya cak. A takarda abin ba wuya. A zahiri kuwa, sanyi ya sa man ya yi kauri, zafi ya fito da kumfa, a kori kumfar roba ta kama yoyo.

Hutun yau ma ba kyauta ba ne. Shugaban sashensu, Iwabuchi, ya danƙa masa kyamarar gwaji ya ce, "Je ka ɗauko mana yara suna gudu. Ranar Litinin ina son kaset a teburina." Tsuneo bai damu ba. Shi dai ya yi wa Chinatsu alkawarin zai ɗauki tserenta tun daga tashi har ƙarshe. Ita kuwa ta dube shi kawai ta ce, "To, Baba," da muryar wadda ta saba jin alkawari.

Da hantsi Michiyo ta iso da kwanukan abinci, ta durƙusa a kan ledar.

"Baban Chinatsu, kana ji na? Dukansu farar riga ne da baƙin wando, askinsu ma iri ɗaya. Shi ya sa na sa mata safa mai ruwan ɗorawa. Safar za ka nema."

"Na ji."

"Me na ce?"

"Safa." Yana ɗaga kyamarar yana haska gilashin da rana, ko kumfa ta fito.

Aka yi ta yi, ja-in-ja da igiya, rawar ƙananan yara, jifan ƙwallo cikin kwando. Sau biyu gyangyaɗi ya ɗebe shi a zaune, Ogata ya zungure shi da gwiwar hannu. Can lasifika ta kira 'yan matan aji shida.

Tsuneo ya miƙe, ya kafa ƙafafu, ya manna idon dama a 'yar tagar leƙawa, ya runtse na hagu gam, yadda suke yi a ɗakin gwaji. Ya janyo hoton daga can ƙarshen fili. Sai gabansa ya faɗi. Tagar leƙawar baƙi da fari take nunawa, shi ya fi kowa sanin haka, shekara nawa yana leƙa irinta. Ƙafafu a jere, safa duk farare.

Malami ya ɗaga bindigar tashi. Ba lokaci. Ga wata mai tsawo kamar nata, tana ɗan sunkuyar da kai kamar yadda take yi. Ita ce.

Tau! Suka zabura.

Da farko ba ma yarinyar yake kallo ba. Gefen hoton yake duba, inda rawa ke fara nunawa, haka aka horar da idonsa. Ko motsi babu. Sandunan tanti na wucewa sumul kamar a kan dogo. Sai ya ga yarinyar ta wuce ɗaya, ta wuce biyu, ta sha kwana tana gaba. Wani abu ya ɓalle masa a ƙirji. Ya manta da riƙe numfashi, ya manta da Iwabuchi.

"Chinatsu! Gudu! Chinatsu, kada ki tsaya! Saura kaɗan, 'yata!"

Yana ihu yana tsalle har ta tsinke zaren ƙarshen tsere.

Ya dawo kan leda yana haki. "Ta ci! Michiyo, kin gani? Ta ɗaya!"

Michiyo ta daɗe tana kallonsa. Ogata ya sami wani abu mai muhimmanci a cikin kofin shayinsa, ya duƙufa a kai.

"'Yar gidan Shimamura ce ta zo ta ɗaya," in ji ta a hankali. "Taka ta faɗi a kwana."

Da aka tashi cin abinci sai ga Chinatsu tana ɗingishi, an ɗaure mata gwiwa, safar nan tana haska ido tun daga nesa. Ta zauna ta ɗauki dunƙulen shinkafa.

"Baba, ka ɗauka?"

Ya buɗe baki. Michiyo ta tura masa soyayyar kaza. "Ku ci tukuna."

Da yamma suna shiga gida, ko wanka Chinatsu ba ta yi ba ta jona kyamarar da talabijin. Tsuneo ya zauna a bayanta, gajiyar shekara shida ta sauko masa a wuya lokaci ɗaya.

Hoton ya fito, launi ras. Bai taɓa ganin aikin hannunsa ya yi kyau haka ba. Kowane silin gashi ana gani, har ƙurar da ke tashi a bayan takalmi. Ga 'yar gidan Shimamura da farar safarta tana sheƙa gudu. A kwana, can gefen hoto, wani abu mai ruwan ɗorawa ya gilma, ya yi ƙasa, ya fice.

"Ga ni nan," in ji Chinatsu. "Ƙafata ce."

"Chinatsu, tagar ce ba ta nuna launi. Na ɗauka..."

Muryarsa daga talabijin ta katse shi, ta cika ɗakin, a dishe, kamar ta mahaukaci. Gudu! Kada ki tsaya! Saura kaɗan, 'yata! Ana jin dirar ƙafafunsa a ƙasa, hoton kuwa ko gezau.

Chinatsu ta zuba wa hoton ido har zaren ya tsinke.

"Na ji ka fa," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Ina kwance, ƙasa cike da bakina, na ce ba zan tashi ba. Sai na ji sunana. Na ɗauka ka ga na faɗi."

Tsuneo ya sunkuyar da kai. Ya dubi tafin hannunsa.

"To, injiniya," in ji Michiyo daga ƙofar kicin, "gilashinku dai ya yi aiki. Sai a kai wa gidan Shimamura, su ajiye wa jikoki."

"Iwabuchi zai karɓa ranar Litinin."

"Ya karɓa mana," in ji Chinatsu. "Ai hoton nasu ne." Ta rarrafa gaban talabijin, tana jan ƙafar da ke ciwo, ta murɗa maɓallin haske har fuskar 'yar gidan Shimamura ta nutse cikin duhu. "Kafin ka kai, ka kwafa min sautin a kaset ɗin rediyo. Maido shi baya, Baba."

Ya maido. Suka zauna gaban baƙin allo, wani mutum yana ta kiran sunanta.