Saƙon Litinin da Alhamis

Kwana uku Injiniya ta yi tana bin sawun kuskuren, shayinta na hucewa a gefen kwamfuta ba ta ko kula ba. Manhajar da kamfaninsu ya rubuta wa wani asibitin ƙoda ce ta jawo magana. Aikinta ta tuna wa marasa lafiya ranar wankin ƙoda, sai ga shi tana aika saƙon har ga waɗanda ƙasa ta riga ta rufe wa ido. Wani magidanci ya kira manajan kamfanin yana faɗa yana kuka, wai wata biyar da rasuwar mahaifinsu amma an hana su hutawa.

A rana ta uku da hantsi ta gano bakin zaren. Idan ma'aikacin asibiti ya shigar da cewa mutum ya rasu, labarin yana isa rumbun bayanai lafiya lau, amma ɓangaren da ke aika saƙo ba can yake dubawa ba, wani tsohon jerin sunaye yake karantawa. Ta nemi wanda ya rubuta wurin, sai ta ga ita ce, shekara huɗu baya, tana sabon shiga aiki, tana sauri a yaba mata.

Gyaran layi ɗaya ne tak. Ta rubuta, ta gwada, ta tura.

"Kwana uku a kan layi ɗaya, Injiniya?" in ji manaja daga bakin ƙofa. "Ko da allura kika saƙa shi?"

Ba ta iya dariya ba. Amma ranar ta koma gida da sauƙi a ranta.

Bayan mako biyu wata dattijuwa ta hau benen ofis ɗin, tana hutawa a kowane hawa. Daga asibitin aka turo ta. Injiniya ta ba ta kujera da ruwa. Sai da numfashinta ya daidaita sannan ta kwance bakin mayafinta, ta fito da wata ƙaramar waya mai madannai, an ɗaure bayanta da roba.

"'Yata, an ce ke ce mai gyara. Wayar maigidana ce. Duk Litinin da Alhamis saƙo yana shigowa da safe. Yanzu shiru."

Injiniya ta karɓi lambar ta duba. Abin da ta gani ya sa ta sauke hannu daga kan kwamfutar.

"Mama, an rubuta a nan cewa... Baba ya rasu."

"Na sani mana. A kan cinyata ya cika. Kada ki ɗauka na ruɗe." Ta shafa fuskar wayar da babban yatsa. "Shekara shida muna zarya. In wayar ta yi ƙara sai ya ce, ga surukanki nan suna kira. In ɗauko masa hularsa, mu kama hanya. Da ya tafi, sai saƙon bai daina ba. Da sunansa yake farawa, ya ce ana jiransa ƙarfe tara. Ni ba karatu nake yi sosai ba, amma sunansa na san shi ko daga nesa. Yanzu ko 'ya'yansa ba sa faɗin sunan, sai dai marigayi."

Injiniya ta bayyana mata yadda aka yi, ba ta ɓoye cewa kuskuren nata ne ba, gyaran ma nata ne. Sannan ta ce a ba ta minti biyu, ta shiga wurin manaja ta roƙi a ci gaba da tura wa dattijuwar saƙon.

Ya saurare ta har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido. "Wallahi na tausaya mata. Amma in kika mayar da shi cikin jerin masu rai, manhajar za ta ware masa gado da injin wankin ƙoda. Mai rai ne zai rasa."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ita ta gina abin haka.

Ta dawo ta durƙusa a gaban dattijuwar. "Mama, na'urar ba za ta sake turowa ba. Amma ni zan iya. Daga wayata, duk Litinin da Alhamis, kalma da kalma yadda kika saba. Ba zan manta ba."

Dattijuwar ta kalle ta. Ta ɗora mata hannu a ka.

"Allah ya yi miki albarka. Amma bar shi, 'yar nan. Ke ai kin san ya mutu. Shi wancan mai turowar bai sani ba."

Ta mayar da wayar bakin mayafi, ta ƙulle sau biyu. Injiniya ta riƙe mata hannu suka sauka benen a hankali. A bakin titi ta tsayar mata da mota, ta tsaya nan har motar ta sha kwana.