Famfon Keke

Garuba mai kifi ya sayi famfon da ya fi kowanne ƙarko a layin masu kayan keke da babur na babbar kasuwar Minna, wata Asabar cikin damina, kuma har yanzu famfon bai sa iska a tayarsa ba. Ya cika tayoyin maƙwabta, ya cika na kurar 'yan ga-ruwa. Tasa ce kawai ta gagara.

Garuba Bakatsine ne, amma a unguwar Maitumbi gemunsa ya yi furfura. Kullum bayan sallar asuba yakan tafi bakin dam ɗin Tagwai, ya sari kifi a hannun masunta, ya kawo cikin gari. Da babur yake yi, har lokacin da fetur ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa. Sai ya sayar da babur ɗin, ya sayi keke ɗan Beljiyam a wurin 'yan gwanjo, marar nauyi, mai giya, ya sa aka ɗaura masa kariya a baya mai ɗaukar kular kifi. Keken ya zo da ɗan famfon hannu na roba. Wannan ya yi abin da zai iya, ya tsage.

Tayar baya ce matsalar. Ba ta fashewa, sacewa take a hankali cikin dare. Ya canja tib, ya sake canjawa, bai canja zani ba. Ko da yamma aka cika ta tam, kafin asuba ta yi laushi, in ya ɗora kaya sai ƙarfen wilin ya riƙa dukan duwatsu. Mai facin bakin titi yana da dabarar da yake yi mata da guntun roba, amma ba ya buɗewa sai rana ta fito, wani lokacin ma injinsa ba mai. Haka Garuba zai tura keke ya je ya zauna a kan tsohuwar taya yana jira, masunta kuwa ba sa jiran kowa. Wanda ya yi sammako ya kwashi na kirki, wanda ya makara ya tarar da wanda ya sha rana.

Fiye da rabin kifinsa mace ɗaya ke ɗauka, Mama Goodness, mai gidan farfesu a Tunga. Ranar Juma'ar da ta gabaci sayen famfon, ta buɗe kular, ta danna cikin wata karfasa da yatsa. Wurin ya lotsa, bai taso ba.

"Malam Garuba, duba rana inda take. Wannan kifi ne ko gawa?"

"Taya ce, Mama."

"Jiya taya, shekaranjiya taya. Ni taya zan dafa wa mutane?" Ta goge yatsan a zaninta. "Akwai Tsado, yana da mashin, kullum yana zuwa yana roƙona. Ni ba na so in canja ka. Kai mutum nawa ne tun Goodness tana goye. Amma kwastoma ba ya cin tausayi."

Ta zaɓi tarwaɗa, masu taurin rai, ta bar masa karfasar. Ya koma gida da ita, matarsa Rumaisa ta kwana tana banda.

Washegari ya bar keken a jingine, tayar a kwance, ya hau Keke Napep zuwa kasuwa. Ya riga ya yanke shawara a hanya: wannan karon ba zai sayi abin hannu ba. Na tsaye yake so, wanda ake takawa da ƙafa a danna da hannu biyu, wanda zai yi shekaru.

Ya bi layin shago bayan shago ba gaggawa. Wanda aka fara miƙo masa ja ne mai sheƙi, ya ƙwanƙwasa jikinsa da farce, ya ji ƙarar gwangwanin madara, ya mayar. Wani gindinsa roba ne, ya taka ya ji yana lanƙwasa. Wani kuma yana da agogon auna iska, mai shagon yana ta yabon agogon. Garuba ya naɗe tiyon a yatsa ya ga ya yi fari a wurin lanƙwasar, alamar zai tsage kafin kaka. Agogo ba ya cika taya. Ya wuce.

A can ƙarshen layi, kusa da wani janareta mai ƙara, akwai shagon Josiah, wanda a kasuwa ya koyi Hausarsa, yana kuma yin ta da sauri.

"Baba, me kana nema?"

"Famfon keke. Amma ba irin wannan tarkacen da ke rataye ba. Mai ƙarko."

"Keke naka ne, ko kana yi wa wani aiki?"

"Nawa ne."

"Fasinja ko kaya?"

"Kaya. Kifi nake ɗaukowa daga Tagwai. Tayar baya ce take hana ni sakat."

"Ta hagu ko ta dama?"

Garuba ya yi 'yar dariya, ta farko a ranar. Ya ɗauka ko zolaya ce irin ta 'yan kasuwa, ko kuma Hausar ce ta kuɓuce wa mutumin. Ya ce, "Ta baya dai."

Josiah ya shige ciki, ya jawo wani baƙin famfo daga bayan kwalaye, ya dire shi a ƙasa. Ƙarar da ya yi kaɗai ta isa. Garuba ya ɗaga ya ji nauyi. Jikin ƙarfe ne mai kauri, gindin zubin ƙarfe, maɗannin katako. Tiyon saƙaƙƙe ne da zare a waje, ya naɗe shi ya saki, ya koma yadda yake. Ya nemi a kwance masa murfin sama. Josiah ya ɗan yi tsaki, amma ya kwance. A ƙarshen sandar da ke ciki fata ce, ba roba ba. In ta bushe a shafa mata mai, in ta cinye kowane baduku zai yanka wata. Abin da yake nema ke nan. Ya toshe bakin tiyon da babban yatsa ya danna, iskar ta ture yatsan. Don ya ƙara tabbatarwa, Josiah ya sace iskar tayar babur ɗinsa da ke ƙofar shago, ya maƙala, ya ce Baba ya gwada da kansa. Kafin Garuba ya yi gumi tayar ta yi tauri.

"Wannan, Baba, kai za ka gaji, shi ba zai gaji ba."

Suka yi ciniki, ya biya. Bai wuce gida kai tsaye ba. Ya san halin layin gidansu: abin da ya shiga gidan mutum ɗaya na kowa ne, a ara da safe, a ara wa wani da rana, da yamma a ce ba a san wanda ya ɗauka ba. Ya tsaya wurin mai walda ya sa aka liƙa wa gindin famfon zoben ƙarfe, don ya riƙa ɗaure shi da sarƙa a jikin turken zaure. Mai so ya zo ya buga a nan.

Rumaisa tana tankaɗe ya shigo da shi a kafaɗa.

"Baban Maryam, wannan kuma mene ne, turmi?"

"Famfo ne."

"Da na ruwa ka kawo da na yi guɗa."

Ya fito da keken ƙofar gida, ya durƙusa, ya cire ɗan murfin bawul, wato bakin da iska ke shiga. Ya kai kan tiyon. Kan ya haɗiye bawul ɗin gaba ɗaya, ya bar fili ta kowane gefe. Bawul ɗin kekensa siriri ne kamar tsinken sakace, da ɗan dunƙule a kai. Bakin famfon kuwa mai faɗi ne, irin na babur da mota. Ya danna. Iskar ta fita ta gefe ta tayar da ƙura a kan takalminsa. Ya naɗa tsumma, ya naɗa guntun roba yadda ya ga mai faci na yi, ya sa Rumaisa ta riƙe. Abin da ya samu shi ne 'yar iskar da ta rage a tayar ma ta fice.

Yana nan durƙushe maƙwabcinsa Ndako ya dawo daga aiki, ya faka Keke Napep ɗinsa a gindin dalbejiya. Ndako Banufe ne, tsakaninsa da Bakatsine kuwa ba a gaisuwa sai da tsiya.

"Bawana, sujada kake wa taya?"

Ndako ya matso, ya ɗauki kan tiyon ya duba, ya dubi bawul ɗin.

"Me ka ce wa mai shagon?"

"Famfon keke."

Ndako ya yi dariya har ya dafa bango. Ya koma ya bubbuga jikin abin hawansa mai ƙafa uku. "Ga keke. A garin nan in ka ce keke, wannan ake nufi. Naka basukur ne, Bakatsine. Ba-su-kur."

"Tun kafin a haifi wanda ya ƙera wannan akwalar taka ake ce wa nawa keke."

"To je ka faɗa wa famfon."

A nan tambayar ta dawo wa Garuba. Ta hagu ko ta dama. Abin hawa ɗaya ne ke da tayar baya ta hagu da ta dama. Mutumin bai yi zolaya ba, Hausarsa ma ba ta kuɓuce ba.

Ndako ya ce tunda abu ya zo har gida, bari ya sa masa albarka. Ya ja famfon zuwa gindin dalbejiya, ya maƙala a tayarsa ta dama. Ya shiga cif.

Lahadi shagon a rufe, Josiah yana coci. Litinin Garuba ya sake zaman jira wurin mai faci, ya sake isa Tunga rana ta take. Mama Goodness ba ta buɗe kular ba ma. A bayanta akwai baho cike da karfasa masu jan ido, suna sheƙi.

"Wannan sati zan karɓa wurin Tsado," in ji ta, ba tare da ɗaga murya ba. "Ka je ka gyara abinka. Litinin mai zuwa, in ka zo kafin in hura wuta, wurinka yana nan. In ba ka zo ba, Malam Garuba, kada ka ji haushina."

Daga can ya wuce kasuwa, wannan karon da keken, famfon ɗaure a kan kariya. Josiah ya fito, ya dubi keken, ya dubi Garuba, ya riƙe ƙugu.

"Baba, wannan ne keke?"

"Shi ne."

"Haba Baba. Na tambaye ka, hagu ko dama, ka yi mini dariya."

"Na yi."

Josiah ya juya famfon ya ga zoben walda, fentin wurin ya ƙone ya yi toka-toka. Ya girgiza kai. Ba zai iya karɓa ba, wa zai sayar wa? Garuba bai yi musu ba. Shi ma da shi ne ba zai karɓa ba. Amma Josiah bai sallame shi haka ba. Ya bar shagon ya bi layin da kansa yana tambayar famfo mai siririn baki. Aka samo ɗaya a ƙasan wani buhu, ƙanin wanda ya tsage a gida. Suka gwada a nan take, bakinsa ya dare.

"Akwai wani ƙaramin abu," Josiah ya ce, yana nuna tsawon gaɓar yatsa. "Na tagulla. Adafta. Kana ɗaura shi a kan bawul naka, famfo ya kama. Ɗan'uwana ya tafi Onitsha sayen kaya, zan ce ya duba." Ya durƙusa ya ɗauki hoton bawul ɗin da waya, ya tura.

"Yaushe zai dawo?"

"Ƙarshen sati, in hanya ta yi kyau."

"Zai samu?"

"Onitsha ne, Baba. Komai akwai. Sai dai in bai gane ba."

Da mai faci ya ji labari, ya kawo tasa shawarar: a fafe ramin da bawul ke fitowa a jikin wilin, a faɗaɗa shi, a sa tib mai ƙaton baki. Da Garuba ya tambaya ko wilin zai ɗauka, sai mai facin ya shafa ƙarfen, ya ce siriri ne, na alminiyam. Wani yakan ɗauka, wani yakan tsage a wurin in ya ji kaya. In ya tsage, ba a samun irinsa a Minna. Garuba ya ce zai yi tunani.

Satin ya tafi a haka. Ya riƙa zuwa Tagwai a makare, yana sarin kaɗan, yana zagayawa gida-gida a Maitumbi da abin da ya samu. Ragowar Rumaisa ta banda. Har labulen ɗaki ya kama ƙaurin hayaƙi. Sarƙar da ya yi niyyar saye bai saya ba. Famfon ya yi suna a layi. Kowa ya buga sai ya ce Malam Garuba ya iya zaɓe, shi kuma ya ce madalla.

Ranar Asabar ya kira Josiah. Josiah ya ce ɗan'uwan ya sayo wani abu mai kama da na hoton, yana cikin kayan da aka loda a mota. Da la'asar ɗin Lahadi, jajibirin wa'adin Mama Goodness, ya sake kira, yana zaune a zaure, keken a jingine, tayar baya a kwance. Daga gindin dalbejiya yana jin numfashin famfon, Ndako na cika tayar hagu. Mai faci ya ce in an yanke shawarar fafewa, yana nan har magariba.

Josiah ya ɗauka a bugu na biyu. Motar kayan ba ta iso Minna ba tukuna.