In'inar Zahida

"Fasto, numfashinta ya canza. Ka... ka zo."

Zahida ta manna wayar a kunne, ta toshe ɗayan da yatsa saboda rugugin ruwa a kan kwano. Fasto Yohanna ya tafi garin Sèmè-Kpodji jana'iza tun safe. Ya ce ruwa ya cinye hanya, motoci sun yi cirko-cirko, ko masu zem sun ƙi ɗaukarsa a babur.

"Ke ki yi mata addu'a, 'yata. Kada ki jira ni."

"Ni? Ka san ba... ba..." Layin ya yanke.

Ta koma ɗaki. Inna Bibata na kwance, ƙafafunta sun kumbura sun yi sulɓi. Kwana uku ke nan da likitoci suka sallamo ta, suka ce ƙodar ta gama aiki. A wannan ɗakin na Zongo matan zumuntar coci su shida suke haɗuwa kowace Laraba, kuma Inna ce ta fara jawo Zahida ciki shekara biyu da suka wuce, ta koya mata karatu baƙi bayan baƙi. Zahida takan share ɗaki, ta dafa shayi, ta raka marasa lafiya asibiti. Abu ɗaya ne ta ƙi: buɗe baki a gaban mutane. In'ina gare ta tun ƙuruciya. Duk ranar da Inna ta ce, "Zahida, rufe mana da addu'a," sai ta sunkuyar da kai har wata ta karɓa.

Ta kira sauran matan ɗaya bayan ɗaya. Uku suna kasuwa, ruwa ya tsare su. Ɗaya tana aikin shago a unguwar Ganhi, ba ta ɗauka ba.

Hajiya Hajaratu, matar Maishanu da ke ɗakin kusa, ta shigo zaninta a jiƙe, ta durƙusa ta taɓa goshin Inna.

"Ina malamin naku?"

"Ru... ruwa."

Inna ta buɗe ido. Muryar ta yi siriri, sai da Zahida ta kai kunne bakinta.

"Tsoro nake ji, Zahida."

Zahida ta ɗago ta dube ta. Matar da ta zauna bakin gadon mutum nawa, ta riƙe hannunsu har suka cika, yau ita ke faɗin haka.

"Inna, bari in sake ki... kiran..."

"Bar wayar nan. Ke nake so."

Zahida ta durƙusa, ta kama hannun. Ta buɗe baki, harshe ya ƙage. "U... U... U..." Jijiyar wuyanta ta miƙe, gumi ya karyo mata. Ta bugi cinyarta da hannu kamar yadda take yi tana yarinya, kalmar ta ƙi fita. Sai ta fashe da kuka.

"Ba zan iya ba, Hajiya. Za ta ta... tafi ban..."

Hajaratu ta dafa bayanta da ƙarfi. "Ni ban san yadda kuke yi ba. Amma shekara goma sha tara ina jin matar nan ta bango tana roƙa wa 'ya'yana lafiya. Ki faɗi ko guda ɗaya ce. Allah ba ya gaggawa."

Zahida ta ja numfashi. "Uba," ta ce. Ta tsaya. "Ga... ga Inna. Tana jin tso... tsoro. Ni ma. Yesu, ka ri... riƙe ta, ni ba... ba ni da ƙarfi."

Yatsun Inna suka matse nata kaɗan. Ta ci gaba, tana tuntuɓe tana tashi. Ta faɗi sunayen matan zumunta, ta faɗi na Hajiya, ta roƙi gafara a kan duk Larabar da ta yi shiru. Ba ta san lokacin da yatsun suka saki ba. Sai da Hajaratu ta miƙa hannu ta shafe idanun Inna, ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure haɓar.

"Ƙarasa," in ji ta a hankali.

Zahida ta ƙarasa. Hajaratu ce ta ce amin.

Daga masallacin bakin layi aka kira la'asar. Ruwan tsakar gida ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, yana gangarowa wajen gado. Zahida ta sunkuya ta ɗauki silifas ɗin Inna, ta goge su da bakin zaninta, ta ɗora a kan kujera.