Dabino Gwangwani Uku

Duk Fagge an san Yagana da kek ɗin dabino. Shekara ashirin tana yin sa a ɗan madafinta, kuma tsohon gwangwanin madara shi ne ma'auninta. Da ƙawarta Fausat, wadda ake kira Iya Quadri, mai gidan burodi a Sabon Gari, ta roƙe ta haɗin, Yagana ba ta yi mata rowa ba. Ta zayyana mata komai, har da dabino gwangwani uku.

Ba a rufa mako ba wata maƙwabciya ta shigo mata da labari. Wai Fausat tana gaya wa mutane a Kasuwar Singa cewa Yagana ta ɓoye mata sirrin, kek ya fito a bushe kamar katako, ba zaƙi ba laushi.

Zuciya ta ɗebi Yagana. Ta zari mayafi, ta jefa gwangwanin a jaka, ta tari adaidaita sahu. Har suka isa tana ƙwafa ita kaɗai.

Ta tarar da Fausat a gaban tanda, ma'aikata biyu suna murza fulawa. Sallamar ma ciki-ciki ta yi ta.

"Iya Quadri, ni ce maƙaryaciya?"

Fausat ta goge hannu da zani. "Hajiya, zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba! Na ba ki abin da ko ƙanwata ban ba ta ba, ki tafi kasuwa kina yaga min mutunci?"

"To ai yadda kika ce haka na yi," in ji Fausat, ita ma murya ta fara tashi. "Mu nan da sikeli muke aiki. Na cika gwangwani na auna, giram casa'in da biyar. Na ninka sau uku na rubuta musu. Tire shida muka zubar!"

Yagana ta dangwarar da gwangwaninta a kan tebur. "Cika shi in gani."

Fausat ta damƙo dabino daga buhu ta zuba. 'Yan ƙwayoyi kaɗan suka tsaya cirko-cirko, gwangwani ya cika.

"Innalillahi! Ƙwallo da iska kika auna, baiwar Allah!"

Yagana ta zazzage shi, ta fizgi wuƙa. Ta cire ƙwallayen, ta yayyanka naman ƙanana, tana zubawa tana dannawa da babban yatsa har ya yi tozo. Ta juye a kan sikeli. Giram ɗari da sittin.

Fausat ta daɗe tana kallon lambar, sannan ta ɗago.

"Amma kin ce min a cire ƙwallo a danna kafin a auna?"

Yagana ta tuna ranar da ta ba ta haɗin. Ba ta faɗa ba. Hannunta ya saba yi, har ta manta abin faɗa ne. Wannan ya ƙara tunzura ta.

"Ko ban faɗa ba, wayarki ta mutu ne? Daga nan zuwa Fagge tafiyar kwana nawa ce? Sai kasuwa ta fi miki kusa?"

Fausat ta sunkuyar da kai. "Na yi kuskure, Hajiya. Ki yi haƙuri."

"Ɗauko biro."

Sau uku Yagana ta sake cikawa tana aunawa, don kada gobe a sake ɗora mata laifi. Ta sa Fausat ta rubuta: dabino marar ƙwallo, yankakke, giram ɗari huɗu da tamanin. Aka kawo mata lemo mai sanyi, ta ture kwalbar.

"A Singa kika ɓata ni, a Singa za ki wanke ni."

Washegari Fausat ta bi shagunan ɗaya bayan ɗaya da tiren sabon kek, tana bayani. Ta aika wa Yagana nata rabon. Yagana ta gutsura, ta tauna, ta ce ya yi daidai. Amma sai da aka yi wata biyu kafin ta sake ɗaga wayar Fausat.