Sarakunan Sin da Jingar Ƙauyen su Sagiru

Malam Sagiru yana koyar da tarihi a wata kwaleji a Dutse, gidansa kuma yana unguwar Takur. A daminar da wannan abu ya faru, an sa shi gabatar da lacca a wani taron malamai kan yadda Sinawan dauri suka tafiyar da mulki da zaman jama'a. Shi ne karo na farko da aka ba shi irin wannan dama, saboda haka ya ɗauki abin da zafi. Ko abinci yake ci, hankalinsa yana can bakin Rawayen Kogi na ƙasar Sin, wajen sarakunan daulolin Shang da Zhou.

Yana cikin wannan shiri mahaifinsa ya kira shi. Malam Idirisu shi ne mai unguwa a ƙauyensu da ke bayan Miga, inda jingar ƙasa ce kawai ta raba gidaje da gonakin shinkafa da ruwan kogi.

"Auta, jingar nan ta zaizaye ta wajen gonar Sadisu," in ji tsohon. "Hannu muna da shi, yashi ga shi nan. Buhuna ne babu. Ka ce kana da aboki a ma'aikatar da ke rabawa."

"Abdurrahim ke nan, Baba. Gobe in sha Allahu zan same shi."

"To, zan faɗa wa mutane su kwantar da hankali."

Washegari bai je ba. Ya zauna yana gyara sashen da ya fi so, inda sarakunan Shang ke sa a rubuta tambaya a ƙashin kafaɗar sa ko a ƙoƙon kunkuru, a ɗora masa wuta har ya tsage, a duba tsagin a ce ko za a yi ruwa bana, ko gero zai yi kyau. Ya ce a ransa jibi ma rana ce. Da jibin ta zo, ya tuna da maganar yana kan babur a hanyar kwaleji, ya ce sai ya sauka. Da ya sauka wani ɗalibi ya tare shi. Yayarsa Adama ta kira shi sau biyu a makon, ya ga kiran, ya ce zai kira ta idan ya sami abin faɗa.

Ranar laccar zauren ya cika. Sagiru ya yi bayanin yadda mutanen Zhou suka kawar da daular Shang, suka ce abin da suke kira Sama ne ya karɓe mulki daga hannun sarkin da ya yi sakaci da talakawansa. Ya faɗi yadda sarkin Zhou ya rarraba ƙasa ga 'yan uwansa da manyan yaƙinsa, su kuma manoma suna noma wa kansu, suna noma wa ubangidansu, suna fita aikin gayya idan an kira. Ya kawo labarin da Sinawa ke bayarwa na wani shugabansu na farko-farko da ya shafe shekaru yana haƙa magudanan ruwa, har yakan wuce ƙofar gidansa bai leƙa ba.

"A wurinsu," in ji Sagiru, yana kallon jama'a, "idan ruwa ya ci gari, ba kogin ake fara tuhuma ba. Wanda aka ba amanar mutane ake tambaya."

Aka yi masa tafi sosai. Yana tsaye ana gaisawa da shi wayarsa ta yi ƙara, ya ga Adama ce. Wannan karon ya ɗauka.

"Jinga ta ɓalle da safe," ta ce. Muryarta a dushe take. "Ba a rasa rai ba. Amma ka zo."

Ya ari motar maƙwabcinsa ya kama hanya. Daga Miga zuwa ƙauyen sai da ya ajiye motar ya naɗe wando. Gonakin shinkafar da ya sani duk sun zama fili ɗaya na ruwa mai launin kunu. Gidajen ɓangaren gabas sun zauna a ƙasa, rumbuna sun kife, kaji suna kan rufin da ya rage. An kwashe mata da yara zuwa makarantar firamare da ke kan tudu.

A harabar makarantar ya tarar da maza sun kewaye mahaifinsa. Sadisu, wanda gonarsa da ɗakunansa biyu suka tafi, shi ke magana.

"Mai Unguwa, mun ce mu haɗa buhunan taki da muke da su mu fara. Kai ka ce mu dakata, na Dutse suna tafe. Ina suke?"

Sagiru ya tsaya a bayan mutane. Ya buɗe baki, amma mahaifinsa ya riga shi. Tsohon ya gan shi, ya kawar da kai kamar bai gan shi ba.

"Laifina ne," in ji Malam Idirisu. "Na yi niyyar faɗa wa yarona na Dutse, na yi ta jan ƙafa, ban faɗa masa a kan lokaci ba. Ni na ce ku dakata. Wanda zai riƙe wani a zuciya, ni zai riƙe."

Wani ya ja tsaki a hankali. Sadisu ya juya ya tafi ba tare da sallama ba, abin da Sagiru bai taɓa ganin wani ya yi wa mahaifinsa ba. Shi kuwa yana nan tsaye, takalmansa a hannu, har taron ya watse.

Da la'asar ya sami tsohon shi kaɗai a gindin bangon aji, yana shanya 'yan kayan sawarsa a kan benci. Ya durƙusa.

"Baba, ka faɗa mini. Ni ne ban je ba."

"Na sani."

"Bari in je in gaya musu gaskiya."

"Ka gaya musu mai unguwarsu ya yi ƙarya a gabansu?" Tsohon ya matse wata hula, ya shimfiɗa ta. "Ni na sa su jira, Auta. Wannan ba ƙarya ba ce. Sauran kuma tsakanina da Ubangijina ne, zan nemi gafara. Kai za su riƙa buƙata nan gaba, ba ni ba. Idan suka daina yarda da kai, wa za su aika Dutse?"

Sagiru ya sunkuyar da kai. Ya so a ce tsohon ya zage shi.

"Me ya riƙe ka?" Babu faɗa a tambayar.

Da ƙyar ya faɗa. Ya ce lacca ce, kan mutanen Sin na zamanin da.

"Su ma suna da kogi?"

"Suna da shi, Baba. Babba. Yana yi musu ɓarna ƙwarai."

"Allah sarki. Su ma manoma ne ke nan." Ya juya hular a kan bencin. "Ta yi kyau, laccar?"

"An ce ta yi."

"To madalla," in ji tsohon, kuma har zuciyarsa ya faɗa. Wannan ya fi komai yi wa Sagiru ciwo.

Ya koma gefe ya kira Abdurrahim. Bai gama bayani ba abokin ya katse shi.

"Haba Sagiru, ai da ka yi magana tuni. Suna nan jibge a sito, waɗanda suka nema duk an ba su. Gobe zan sa a kawo."

Aka kuwa kawo, har da tabarmi da gidajen sauro. Mutane suka fito suna saukewa, suna sa wa Sagiru albarka. Wata tsohuwa ta riƙe hannunsa ta ce ɗa ya fi ubansa zafin nama. Ya rasa inda zai sa idonsa. Adama tana tsaye a ƙofar aji da tulu a hannu, ta dube shi, ta shige.

Ya nemi izini a wurin aiki ya zauna ana cika buhuna da shi har tafin hannunsa ya yi kanta. Mutane suna hana shi, suna cewa malami ba ya wannan aiki, shi kuwa ya ƙi bari. An toshe inda ya ɓalle, amma shinkafar ta riga ta tafi. Ya lura idan mahaifinsa ya yi magana a wurin aikin, sai an ɗan jinkirta kafin a amsa.

Ranar da zai koma, ya ji cewa Sadisu zai kai iyalinsa wurin ƙaninsa a Ringim, ya nemi aikin dako a kasuwa kafin ruwa ya janye. Sagiru ya ce zai kai su, ko da yake ba hanyarsa ba ce. Suka taka zuwa inda motar take, aka cusa tukwane da katifa ɗaya mai danshi a baya, matar da yara suka matsu a kujera.

Sun yi nisa Sadisu ya gyara zama ya ce, "Malam, kada ka ji haushin abin da na yi wa Mai Unguwa. Zafin rai ne. Tsufa ne ya kama shi, ba mugunta ba."

Sagiru ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Maganar ta zo masa har baki. Ya tuna tsohon yana matse hula, ya haɗiye ta.

"Idan ka dawo, ka je ka gaishe shi," ya ce. "Don Allah."

"Zan je."

A Ringim suka sauke kayan a ƙofar wani gida kusa da kasuwa. Sadisu ya yi ta godiya, har ya sa yaran suka durƙusa. Sagiru ya ja motar ya bar unguwar, ya sami inuwa a bakin titi ya tsaya, ya kashe injin. Ya daɗe a zaune kafin ya iya kama hanyar Dutse.