Hannun Jarin Mai Gyaran Takalmi

"Kai ka ce masa kada ya taɓa, Malam Akawu. To, taso ka je ka ce masa ya taɓa."

Matar maƙwabcina mai gyaran takalmi ce tsaye a ƙofata, ko sallamar kirki ba ta yi ba. Takardar asibitin da ke hannunta ta sha ninki har ta soma yagewa. Likita ya ce mijinta na da ƙari a ciki, in ba a yi tiyata cikin mako uku ba, to ba sai an sake wahalar kawo shi ba. Kuɗin aikin kuwa ya zo daidai da iyakar abin da mutumin ya mallaka a duniya, wato ɗan hannun jarinsa a wani kamfanin sabulu.

Ya kamata in bayyana yadda laifin ya zama nawa. Shekara huɗu da wata takwas kafin wannan rana, ya zo mini da gwangwanin madara cike da canji, ya ce yana so ya fara "abin nan da masu kuɗi ke yi", domin Autarsa na son karatun jinya. Shekara talatin da biyar na yi ina akawu, kuma babban abin da aikin ya koya mini shi ne kada mutum ya yarda ya ce bai sani ba. Na gyara zaman tabarau, na ce ya fara da kaɗan, ya riƙa ƙarawa duk wata, kuma ko sama da ƙasa za su haɗe kada ya taɓa sai bayan shekara biyar. A wani yagin jarida da aka ƙunso mini ƙusoshi na karanta hakan. Na cike masa fam ɗin sayen hannun jari da kyakkyawan rubutuna, ya dangwala yatsa.

Tun daga nan layinmu ya laƙaba masa Mai Kamfani, shi kuma ya amsa. Ya daina shan shayin rana. Duk wadda ya gani da sabulun wani kamfani daban a bakin famfo, sai ya tsayar da ɗinki ya tambaye ta laifin da ya yi mata.

Na same shi kwance a kan katifa, an jingine bencin aikinsa a bango, ɗakin yana warin gam da maganin asibiti. Basillarsa na soke a jikin labule.

"Ranka ya daɗe, Mai Kamfani. Ma'aikata na cigiyarka."

"Na ba su hutu," in ji shi. "Ita ta turo ka ko?"

"Da ƙafata na zo."

"Ƙafar taka ce, takalmin ɗinkina ne. Zauna, Akawu, ƙarya ba ta yi maka kyau."

Na zauna. Na yi masa bayani, cikin irin muryar da nake sallamar masu koke a ofis, cewa kowace doka tana da togaciya, kuma rashin lafiya na cikin togaciyar.

"Ba ka karanta mini wannan layin ba a lokacin."

"Mantuwa ce."

"Likitan ya ce in an yanka ni zan tashi?"

"Ya ce akwai yiwuwa."

"Yiwuwa." Ya ɗan juya kalmar a bakinsa. "Ita kuwa yarinyar nan ba yiwuwa ba ce. Ta ci jarrabawa, kai ka karanta mini sakamakon. Saura wata huɗu makarantar jinya ta fara ɗaukar ɗalibai."

A nan na yi abin da ban taɓa yi ba a gaban kowa. Na gaya masa cewa ni ko sisi ban taɓa zubawa a kamfani ba, kuma shekara biyar ɗin nan a takardar ƙusa na tsince ta.

Ya yi dariya har ya dafe ciki. "Ai na sani. Mai hannun jari ba ya kawo takalmi ɗaya gyara sau bakwai." Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Amma ka ga, tun ina yaro abin da na samu da safe ba ya kai yamma. Kai ne mutum na farko da ya dube ni ya ga wanda zai iya jira. Yanzu kuma ka zo karɓe abinka?"

Matarsa ta yi magana daga bayan labule. "Sabulu za mu riƙa kallo in ka tafi? Yarinyar ta ce ta fasa karatun, ubanta take so."

"Yarinya ce," ya ce a hankali. "Ki yafe mini, uwar Auta."

Na fito da fam ɗin sayarwa da na riga na cike, yatsansa kawai ya rage. Ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin bargo, ya juya fuska bango. Kwana goma sha tara ina zuwa da fam ɗin kowace safiya, kamar yadda nake zuwa ofis, har da tawadar dangwale a aljihu. Wata rana mu yi hira, wata rana in same shi bai san wanda ya shigo ba. Hannayen dai suna ƙarƙashin bargo.

Ya rasu ranar Talata da hantsi, masu shaguna na buɗe ƙofofi. Allah ya jiƙansa. Matarsa ba ta sake amsa gaisuwata ba. Na ɗauki wannan a matsayin hukunci na adalci, ban ɗaukaka ƙara ba.

Bayan mako biyu Auta ta zo, idanunta a kumbure, rungume da takardar shaidar hannun jarin a cikin leda. Ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba Akawu, Umma ta ce a sayar, ba ta son ganin ta a ɗakin. Ni kuma ban sani ba. Yaya kake gani?"

Na cire tabarau na shiga goge shi da bakin riga. Na goge ido ɗaya, na goge ɗayan, na koma kan na farko. Ita kuwa tana durƙushe, ta miƙo ledar da hannu biyu, rana tana ja da baya daga kan dakali.