Karyar Mama Abeke

Morenike ta daɗe tana karɓar karnukan da masu su suka gaza riƙewa a gidanta na Ibadan, amma ba ta taɓa ganin wanda ya kawo kare a goye ba sai Baba Adekanbi. Ya kwance zanen, sai ga wata 'yar karya mai shafaffen hanci da yamutsattsiyar fuska, irin da ake kira pug, tana numfashi da ƙyar.

"Ta matata ce, marigayiya Mama Abeke," in ji shi. "Ɗana zai tafi da ni Kanada, masu jirgi kuma sun ce mai irin hancin nan ba za ta kai da rai ba. 'Yata, ba ta barci sai an sosa mata kunne."

Morenike ta sama wa karyar gida a unguwar Bodija, wurin wata malamar jinya mai 'ya'ya uku. Bayan 'yan watanni, da tsohon ya yi mata kiran bidiyo daga Kanada, ta garzaya gidan don ya gani da idonsa. Karyar ta yi ɓulɓul, tana bin yara a tsakar gida.

"Sisi!" ya kira karyar da sunanta. "Sisi, ni ne!"

Ko waiwaye ba ta yi ba.

Ya goge tabarau da bakin riga.

"Madalla," ya ce. "Haka ake so. Kin yi ƙoƙari, 'yata."

Bai sake kira ba.